Hawan Doron Hendu: Bayani Kan Tsaunukan da Ke Shayar da Kogin Taraba

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gadar Tella ko ta Bali a tsakiyar rani, ya ga kogin Taraba yana gudana alhali an yi wata huɗu ba a ga ɗigon ruwan sama ba, ya kamata ya tambayi kansa daga ina wannan ruwa yake fitowa. Na sha yi wa ɗalibai wannan tambaya a lokacin da nake koyarwa, kuma amsar da nake ba su ita ce wadda na karanta a littafi, wato daga duwatsu yake gangarowa. Amsar ba ƙarya ba ce, amma ba ta ƙosarwa, domin dutse ba ya haihuwar ruwa. Ni kaina ban fahimci abin da nake faɗa ba sai da na taka da ƙafata na hau tsaunin Chappal Hendu da ke cikin Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka-Gumti. Wannan maƙala za ta bayyana wa mai karatu, musamman malaman makaranta, yadda hanyar hawan take, da yadda waɗannan tsaunuka suke ajiye ruwan damina su riƙa sakinsa da rani, wanda shi ne babban dalilin da ya sa hukuma ta killace su.

Wurin da Tarihinsa a Taƙaice

Gashaka-Gumti shi ne mafi girma a cikin gandayen dajin da ke hannun Gwamnatin Tarayya, domin faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,400. Ya ratsa jihohi biyu. Ɓangaren Gumti na arewa yana cikin Jihar Adamawa, kuma galibinsa fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɓangaren Gashaka na kudu kuwa yana cikin Jihar Taraba, shi ne mai tsaunuka da kwazazzabai da kurmi. Ta gabas ya yi iyaka da Kamaru, ta kudu kuma ya jingina da tudun Mambila. Hedikwatarsa tana Serti, a kan hanyar da ta tashi daga Jalingo ta bi ta Bali ta haura Gembu.

Yawancin sunayen wuraren da ke ciki na Fillanci ne, kuma sanin ma'anarsu yana taimaka wa matafiyi. Mayo na nufin kogi, shi ya sa za a ji Mayo Kam da Mayo Gashaka da Mayo Yim. Chappal kuwa tudu ne mai faɗi a saman tsauni. Chappal Hendu na nufin tsaunin iska, kuma tsawonsa ya ɗan haura mita 2,000. Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, ana fassara shi da tsaunin mutuwa. Yana kan iyakar Kamaru, tsawonsa mita 2,419, kuma babu wani wuri a Nijeriya da ya kai shi bisa.

Ƙabilu irin su Jibu da Ndoro da Dakka sun daɗe a wannan yanki kafin Fulani su kafa sarautar Gashaka a ƙarni na 19, a ƙarƙashin daular Fombina. Daga baya ƙasar ta faɗa hannun Jamusawa a matsayin wani yanki na Kamaru, kuma har yanzu akwai kufan sansaninsu na dutse a kan tudun da ke kallon ƙauyen Gashaka. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Ingila suka kore su, inda garin Banyo da ke tsallaken iyaka ya faɗi a watan Nuwamba na 1915. Yankin ya zauna a hannun Ingila a matsayin ƙasar amana har zuwa 1961, lokacin da mutanen Arewacin Kamaru suka jefa ƙuri'ar shiga Nijeriya, aka raɗa wa ƙasar suna Lardin Sardauna. Yana da kyau malami ya riƙa tuna wa ɗalibai cewa da ƙuri'ar nan ta juya, da tsaunin da muke alfahari da shi a darasin labarin ƙasa ba namu ba ne.

Game da killace dajin kuwa, tun a shekarun 1960 masu binciken ƙasa da suka auna yankin suka ba da shawarar a kare dazuzzukan tsaunukan saboda kogunan da ke fitowa daga cikinsu. A 1972 gwamnatin Jihar Arewa Maso Gabas ta keɓe Gashaka da Gumti a matsayin gandayen namun daji, sannan a 1991 Doka ta 36 ta Gwamnatin Tarayya ta haɗe su suka zama gandu guda. Mutane da yawa suna ɗauka don ɓauna da biri kawai aka yi wannan aiki. Namun daji suna cikin lissafin, amma ruwa ne a kan gaba.

Daga Gashaka Zuwa Kwano

Ba a shiga gandun sai da izini daga Serti, kuma ba a barin baƙo ya yi yawo shi kaɗai sai an haɗa shi da ma'aikacin gandun daji. Lokacin tafiya shi ne daga Disamba zuwa Maris. Da zarar ruwa ya sauka a watan Afrilu, koguna kan cika su batse, ga shi yawancinsu ba gada, har mutum kan kwana biyu a bakin rafi yana jiran ruwa ya janye.

Mu biyar muka tashi daga ƙauyen Gashaka da sanyin safiya a cikin watan Janairu: ni, da wani matashin malami da ya raka ni, da ma'aikacin gandu, da 'yan dako biyu 'yan ƙauyen. Guzurinmu bai wuce shinkafa da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da ganyen shayi ba. Gashaka tana ƙasa sosai, bisanta bai wuce mita 300 da 'yan kai daga gaɓar teku ba, don haka wanda zai hau Hendu yana da hawan kusan mita 1,700 a gabansa. Ranar farko dai ba ta da wuya. Hanya ta ratsa daji irin wanda muka sani, mai maje da ɗorawa da namijin kaɗe, sai dai duk inda aka gangara rafi sai a shiga kurmi mai duhu da sanyi, inda itatuwa suka haɗe kai har rana ba ta taɓa ƙasa. Abin da ya dame mu kawai shi ne ƙudan tsando, wanda cizonsa ke ratsa riga.

Bayan tafiyar kamar awa huɗu muka isa Kwano, wani tsohon ƙauye da mutanensa suka tashi, wanda daga shekarar 2000 masu binciken birai daga Ingila da jami'o'in Nijeriya suka mayar da shi sansaninsu. A nan ne ake samun babban birin nan marar wutsiya da mutanen yankin ke kira biri mai ganga. Sun ba shi wannan suna ne saboda yadda yake dukan faffaɗan saiwoyin manyan itatuwa da hannu da ƙafa, ƙarar ta tafi nesa kamar kiɗa. Irin wannan jinsi nasa a Nijeriya da Kamaru kaɗai yake, kuma Gashaka na daga cikin wuraren da ya fi saura. Kullum da yamma yakan lanƙwasa rassa a saman itace ya yi wa kansa shimfiɗa, haka kuma yakan gyara tsinke ya zura a rami ya ciro zuma ko kwarkwasa. Mu dai ba mu gan shi ba, sai shimfiɗunsa guda uku da jagoranmu ya nuna mana a saman wata bishiya. Gwaggon biri kuwa ko ba a nema ba za a gan shi.

Hawan Doro

Kashegari aka shiga aikin sosai. Hanyar da ta tashi daga Kwano zuwa Selbe tsohuwar turba ce ta fatake da makiyaya, wadda ta haɗa Gashaka da tsaunuka har zuwa Kamaru, kuma har yanzu ana cin karo da masu ɗauke da kaya a ka. Abin da na fara lura da shi shi ne, da zarar an fita daga kurmi, turbar ba ta bin kwari, sai ta hau doron tsauni, wato wannan siririn tudu da ke tsakanin gangare biyu kamar ƙashin bayan saniya. Na tambayi jagoranmu dalili, tun da ga inuwa ga ruwa a ƙasa. Ya bayyana mini cewa wanda ya bi kwari zai ƙetare rafi ɗaya sau goma, zai yi fama da sarƙaƙiya da santsi da tsando, kuma ba zai ga abin da ke gabansa ba, ko ɓauna ce ko mutum. A kan doro kuwa ƙasa a bushe take ko da damina, kuma ido yana kai wa nesa.

Sai dai doro yana karɓar nasa haraji. Babu ruwa a kansa, domin duk abin da ya sauka gangarewa yake yi, saboda haka dole a cika gora a rafin ƙarshe kafin a hau. Babu inuwa, don an ƙone ciyawar, sai toka da kututturen gamba da ke soke ƙafa. A wasu wuraren faɗin turbar bai wuce taki biyu ba, hagu gangare dama gangare, ga tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin takalmi. Abin da ya fi karya zuciya shi ne yaudarar tudu: mutum ya hango ƙololuwa ya tattara sauran ƙarfinsa ya kai, sai ya tarar wani tudun ne ya ɓoye a bayanta, ya fi ta tsawo. Na ƙirga irin wannan sau biyar a yini guda, daga nan na daina ƙirgawa.

Kuskurena na farko shi ne sabon takalmi da na saya musamman don tafiyar. Kafin azahar ya yi mini bororo a dugadugai biyu, alhali 'yan dakonmu da takalman roba suke tafe, da kaya a ka, suna hira. Na biyu shi ne gaggawa. Nakan yi sauri in gaji in zauna, in na tashi kuma ƙafafu sun yi tsami. Da jagoran ya ga abin zai kai mu dare, sai ya ce, "Malam, ka biyo bayana, inda na sa ƙafa nan za ka sa." Takunsa gajere ne ƙwarai, kamar na mai jin kasala, amma ba ya tsayawa, in ma ya tsaya a tsaye yake hutawa. Da wannan taku na isa Selbe ana kiran magariba. Ashe sannu ba ta hana zuwa ba karin magana ba ce kawai a wurin mutanen dutse, hanyar aiki ce.

Abin da Ake Gani Daga Sama

A rana ta uku muka hau Hendu kanta, nan na gane wanda ya raɗa mata suna bai yi ƙari ba. Iska ce mai kaɗawa ba hutu, ga sanyi mai shiga ƙashi. Ƙa'ida ce sananniya cewa duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kimanin digiri 6, don haka tsakanin Gashaka da saman Hendu akwai bambancin kusan digiri 10, kuma da dare a lokacin hunturu ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 10. Bargo ɗaya da na riƙo bai yi mini komai ba, a bakin wuta na kwana.

Saman tsaunin fili ne mai gajeriyar ciyawa, tudu bayan tudu, kamar an shimfiɗa darduma. Amma a cikin kowane lungu da ƙasa ta lotsa akwai ɗan kurmi mai duhu, itatuwansa gajeru, rassansu sun sha gansakuka. Cikin ɗaya daga cikinsu jagoranmu ya kai mu ɗiban ruwa, kuma a nan na sami amsar tambayar da na daɗe ina yi wa ɗalibai. Ƙasar wurin baƙa ce, mai laushi, in an taka sai ta lotsa kamar katifa, ruɓaɓɓen ganye ne na shekara da shekaru. A ƙarƙashin wani dutse ruwa yana tsattsafowa, bai fi kaurin yatsa ba, mai sanyi kamar an ciro shi daga randa. Wata na uku ke nan rabon wurin da ruwan sama.

Ga yadda abin yake. Iskar damina tana tasowa daga teku ta kudu maso yamma ɗauke da laima. In ta ci karo da tsauni dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta zubar da ruwanta. Shi ya sa tsaunukan kudancin gandun suke samun ruwa fiye da filayen arewacinsa nesa ba kusa ba. A Kwano ma ruwan shekara yakan kai kusan milimita 2,000, wato kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu. Doron tsauni kuwa shi ne ke raba wannan ruwa, kamar yadda tsororuwar jinka ke raba shi: ɗigon da ya faɗi hagu ya bi wani rafi, wanda ya faɗi dama ya bi wani. A nan cikin gandu rafukan sukan taru su zama Kam da Gashaka da Yim, su haɗu a kogin Taraba, shi kuma ya shiga Binuwai, ta wuce Ibi da Makurɗi ta gamu da Kwara a Lakwaja. A can kan iyaka kuwa, ruwan da ya gangara ta ɓangaren Banyo yakan bi kogin Mbam ya shiga Sanaga, ya faɗa teku a ƙasar Kamaru. Taki kaɗan ne ke raba makomar ɗigo biyu.

Amma rabawa ba ita ce muhimmiyar aba ba, ajiyewa ita ce. Idan ruwa ya sauka a kan ganye da ciyawa, ƙarfinsa yakan karye, ya tsaya, ya nutse ta ramukan da saiwoyi da tsutsotsi suka huda, ya cika ƙasa da tsagogin duwatsu. Daga nan sai ya riƙa tsattsafowa a hankali wata da watanni. Ruwan da masunci yake jefa taru a cikinsa a Tella a watan Maris, ruwan watan Agusta ne da tsauni ya riƙe. Idan kuwa ƙasa tsirara ce, ko kofato ya daddaɓe ta ta yi tauri, ruwan ba ya samun shiga. Sai ya kwarara gaba ɗaya a yini guda, ya kwashi ƙasa ya tafi da ita, ya zama ambaliya da damina, yashi ya cike kogi, da rani kuma a nemi ruwa a rasa.

A nan akwai gyara da ya kamata malamai su lura da shi, domin mun saba cewa a dasa itace kawai, magana ta ƙare. Itace ma yana shan ruwa, wani ma da yawa yake sha. A tudun Mambila, inda kurmin asali ya ragu ƙwarai sai 'yan tsirarun wurare irin su Ngel Nyaki, an dasa itacen turare ko'ina, kuma mutanen wurin sun daɗe suna kukan cewa yana busar da rafuka. Abin da ke riƙe ruwa shi ne ƙasa mai rufi, ko da itacen asali ko da ciyawa mai kauri. Malamin da yake son nuna wa yara wannan ba ya buƙatar zuwa Hendu. Ya sami faranti biyu, ya cika ɗaya da ƙasa zalla, ɗaya kuma ya yanko ƙasa da ciyawarta ya ɗora, ya jingine su a karkace, ya zuba wa kowanne ruwan buta ɗaya. Yara da kansu za su ga wanda ruwansa ya fito da sauri da jan launi, da wanda ya ci gaba da ɗiga bayan an koma aji.

Mutanen da Ke Ciki

Wanda ya ji an ce gandun daji zai zaci babu kowa a ciki. Ba haka ba ne. Da aka shata iyaka an bar wasu wurare a matsayin keɓaɓɓun matsugunai inda doka ta yarda a yi noma da kiwo, irin su Selbe da Hendu da Filinga da Sabere. Abin da ya kawo Fulani saman tsaunin a fili yake: sanyin wurin ba ya barin tsando, don haka shanu sun tsira daga sammore, ga ciyawa ga ruwa. Mun sha madara a wata ruga, kuma ban taɓa ganin shanu masu ƙiba irin nasu a tsakiyar rani ba.

Matsalar ita ce wuta da yawan kofato. Makiyayi yana ƙona tsohuwar ciyawa ne don sabuwa ta tsiro, kuma yana da hujjarsa. Wutar farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, ba ta cika ɓarna ba, har ma'aikatan gandu kan yi irinta da gangan. Ta ƙarshen rani ita ce mugu, domin takan shiga gefen kurmi ta cinye 'yan itatuwa, baɗi ta ƙara matsawa ciki. Na ga wani lungu da kurminsa ya ƙare sai baƙaƙen kututture, rafin da ke ƙasansa kuma ya zama kwazazzabo busasshe. Dattijon rugar da muka sauka bai musa wannan ba. Abin da ya ce shi ne shanun da ke hawowa daga wasu wurare da rani sun fi na mazauna yawa, kuma baƙo ba ya tausayin ciyawar da ba zai dawo gare ta ba. A ganina maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma duk tsarin da bai sa mazaunan nan a cikin masu tsaro ba, wahala kawai zai sha.

Ba makiyaya kaɗai ba ne. Annobar bushiya ta 1983 zuwa 1984 ta kashe ɓauna da yawa, mafarauta suka bi sauran. A tsakiyar shekarun 2010 kuma aka yi rububin saran madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, ana fitar da ita zuwa ƙasar Sin, har dazuzzukan Taraba da dama suka zama fili kafin a sa itacen a jerin waɗanda aka taƙaita cinikinsu a duniya a 2016. Ga kuma masu haƙar ma'adinai da ke yamutsa bakin rafuka. Aikin gadin wurin ba wasa ba ne, akwai ma'aikatan da suka rasa rayukansu a kansa. A 2017 Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors domin ƙarfafa tsaro da horar da ma'aikata.

Saukowa

Daga saman Hendu ana hango jerin tsaunukan kan iyaka ta kudu in ƙurar hunturu ta yi sauƙi, amma Gangirwal tafiya ce ta daban, kuma masu zuwa can sun fi bi ta ɓangaren Mambila. Mu dai juyowa muka yi. Kowa yana tsoron hawa, alhali saukowa ta fi cin gwiwa, kuma a nan ne aka fi faɗuwa. Sanda ta zama dole, a yanke farce tun daga gida, a kuma sauko a karkace a wuraren da gangaren ya yi tsanani. Kwana biyu muka yi kafin mu kai Gashaka.

Ba na ba da shawarar a kai yaran makaranta Hendu, haka ma dattijon da ke fama da ciwon gwiwa ko na zuciya. Wanda ya sami izini a Serti yana iya kai ɗalibansa ƙauyen Gashaka su hau tudun sansanin Jamusawa, su ga mahaɗar rafuka daga sama, sannan a kai su bakin Mayo Kam inda dorina ke kwanciya. Tafiyar yini ɗaya ce, kuma a watan Fabrairu ma za su tarar da ruwa yana gudu, garai-garai, har ana ganin tsakuwar da ke ƙasansa.